Yadda Za Ka Zaɓi Kan Ƙafa-Uku Da Zai Riƙe Maka Kyamara Tsam

A wani ɗaurin aure da aka yi a unguwar Aboabo ta Kumasi shekarun baya, na tsaya can bayan rumfa da kyamarata a kan ƙafa-uku, don kada in ratsa sahun manya. Limamin da zai ɗaura auren kakan amarya ne, kuma tun da safe uwar amarya ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, duk abin da za ka ɗauka ka ɗauka, amma hoton Baba lokacin da ya ɗaga hannu yana addu'a, shi nake so." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." Da lokacin ya yi, na ja zum ɗin lens har milimita 200, na sa fuskarsa a tsakiya, na murɗa maɗauri, na saki hannu. Sai bakin lens ya sunkuya kaɗan kamar mai gyangyaɗi. Na leƙa, rawani ya fita daga hoton, saura gemu da ƙirji. Na kwance, na ɗaga, na sake ɗaurewa, ya sake sunkuyawa. Kafin in yi na uku an shafa fatiha.

Ban samu hoton nan ba, dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin shekara ta zagayo. Ƙafafun da na je da su ranar lafiyarsu lau, har yau ina aiki da su. Abin da ya ci amanata ɗan kan da ke samansu ne, wanda na saya a wani shago don na ga an rubuta kilo 8 a jikin kwalinsa. Tun daga ranar, duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kafin mu yi maganar lens sai mun yi maganar kai.

Abin da muke kira tiraifod, wasu su ce sitan, kaya biyu ne a haɗe. Akwai ƙafafu uku da ke tsayawa a ƙasa, akwai kuma kai, wato abin da kyamara take zama a kansa, yake juya ta dama da hagu, sama da ƙasa, sannan ya kulle ta inda ka ajiye ta. Aikin ƙafafu tsayuwa ce kawai. Kai kuwa shi hannunka yake taɓawa sau ɗari a wuni ɗaya.

Mataki na farko: duba ko kan naka yana fita

Ka kulle duk maɗauran, ka riƙe sandar tsakiya da hannu ɗaya, ka murɗa kan gaba ɗaya zuwa hagu. Idan ya kwance, madalla. Idan ya ƙi, ka leƙa ƙarƙashin faifan da yake zaune a kai. A wasu ƙafafun, kamar na Manfrotto, akwai ƙananan sukuru uku a ƙasa da suke tokare shi, sai ka sassauta su tukuna. Idan kuwa irin ƙafa-ukun roba ne mai araha da ake haɗawa da kyamara kyauta, yawanci kansa a manne yake, ba ya fita. Wannan ba shi da gyara, sai dai sabon saiti gaba ɗaya.

Zaren sukuru iri biyu ne a wannan harka, kuma duk da inci ake auna su. Ramin da ke gindin kyamara kwata na inci ne, 1/4, mai zare 20 a kowane inci. Wanda ke haɗa kai da ƙafafu kuwa yawanci 3/8 ne, mai zare 16. Idan ƙafafunka ƙanana ne masu sukurun 1/4, kai kuma ramin 3/8 gare shi, akwai ɗan zoben ƙarfe da ake murɗawa a ciki ya cike gurbin. Ba shi da tsada, ka sayi biyu, domin ɓata yake yi.

A nan zan ja kunnen mu mutanen Kumasi musamman. Allah ya ba mu Suame Magazine, inda babu ƙarfen da ba za a sassaƙa maka ba, kuma da yawa cikinmu idan sukurun faranti, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin kyamara, ya ɓata can muke nufa. Babu laifi, amma ka faɗa wa mai injin da bakinka cewa zaren inci kake so, 1/4 mai 20. Sukurun M6 da ya cika ko'ina a ido kusan ɗaya suke, yana ma shiga zagaye ɗaya ko biyu kafin ya cije. Tazarar zarensa milimita 1 ce, ta kyamara kuwa 1.27, don haka idan ka matsa masa zai cinye zaren gindin kyamararka. Tsawon ma abin lura ne: littafin kyamarorin Sony yana gargaɗin kada sukurun ya kai milimita 5.5, domin mai tsawo yana iya lalata kyamarar.

Mataki na biyu: auna kayanka a sikeli

Ka ɗauki kyamara, ka sa mata lens mafi nauyi da kake da shi, da batir, da filashi ko makirfo idan kana ɗora su a kai, ka aza a sikeli. Idan babu a gida, ka roƙi mai sikeli a kasuwa, minti ɗaya ne. Don ka samu abin kwatance: Canon 5D Mark IV da batirinta ta kusa gram 900, lens 70-200 f/2.8 kusan kilo ɗaya da rabi ne, filashi da baturansa kusan rabin kilo. Ka ga an doshi kilo 3 ke nan. Sony A7 III gram 650 ce, amma idan ka rataya mata Sigma 150-600, lens ɗin kaɗai wajen kilo 2 ne.

Lambar da ke jikin kwali kuwa, babu wani ma'auni guda da duk kamfanoni suke bi wajen rubuta ta. Wani yana nufin nauyin da kan zai riƙe ko an karkatar da shi, wani yana nufin nauyin da zai ɗauka a tsaye cak ba tare da ya karye ba. Shi ya sa masu sana'a suke ninka nauyin kayansu sau biyu ko uku. Kayanka kilo 3, ka nemi kan da aka rubuta 8 zuwa 10 daga kamfanin da aka sani. Idan sunan da ke jiki ba ka taɓa jin sa ba, ka ɗauki lambar a matsayin kirari, ka jira gwaji.

Kuma nauyi kaɗai ba ya ba da cikakken labari. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tabarya ya san riƙe ta a tsakiya daban, riƙe ta a baki daban, alhali nauyinta bai canza ba. Dogon lens haka yake jan kai zuwa gaba. Sannan dogon lens yana girmama ɗan kuskure. A kyamara mai cikakken firam, irin Canon da Sony ɗin da na ambata, lens mai milimita 24 yana ganin kusan digiri 53 daga sama zuwa ƙasa, don haka idan kai ya zame da digiri ɗaya ba za ka ma lura ba. A 200 abin da yake gani bai kai digiri 7 ba, zamewar digiri ɗaya ta cinye kashi ɗaya cikin bakwai na hoton, wato daidai rawanin dattijon nan. A 600 digiri 2 da 'yan kai ne kawai, zamewar digiri ɗaya ta kwashe kusan rabin hoton. Idan lens ɗinka yana da abin wuya mai ƙafa, a ƙafar nan ake ɗaura faranti, kada a ɗaura a gindin kyamara. Wannan kaɗai yana rage rabin wahalar.

Mataki na uku: wane aiki ne yake ciyar da kai?

Nan ne gundarin maganar, kuma ina roƙonka ka amsa da aikin da kake yi yau, ka ajiye wanda kake mafarkin yi.

Idan hoton tsaye ne abincinka, aure da suna da walimar saukar karatu da hoton sallah, kan ƙwallo shi ne naka. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwano, maɗauri ɗaya ya sake shi, ka juya kyamara duk inda kake so, ka kulle. Saurinsa shi ne darajarsa, ga shi ƙarami, yana shiga jaka, ba ya tokarar mutane a cikin trotro. Abin da za ka fara dubawa girman ƙwallon ne, domin faɗin wurin da kwano yake cafke shi, shi ne ƙarfin riƙo. Ƙwallo mai milimita 25 zuwa 30 na ƙaramar kyamara ne da gajeren lens. Mai 36 zuwa 40 zai ɗauki yawancin aikin biki har da 70-200. Daga 44 zuwa 55 na manyan lens ne, kuma nauyinsa za ka ji shi a kafaɗa. Ni a ganina mai 40 shi ne dokin aikin mai hoton Zango.

Ka tabbata yana da abubuwa biyu bayan babban maɗauri. Na ɗaya maɗaurin tauri, wanda kake saitawa yadda ko ka kwance babban, kyamarar ba za ta faɗi gaba ta buga lens a ƙafa ba, sai dai ta motsa a hankali idan ka tura ta. Na biyu maɗaurin juyi na gindi, wanda yake barin ka juya dama da hagu ba tare da ka saki ƙwallon ba. Kan da ba shi da waɗannan biyun, ko kyauta aka ba ka, ka bar wa wayar hannu.

Raunin kan ƙwallo shi ne idan ka sake shi, komai ya saku lokaci ɗaya. Kana son ɗaga baki kaɗan, sai gefe ya karkace. Wanda aikinsa a cikin situdiyo yake, hoton fasfo, hoton iyali a gaban labule, hoton 'yan makaranta ɗaya bayan ɗaya, zai fi jin daɗin kai mai hannu uku. Kowane hannu da aikinsa: ɗaya dama da hagu, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya kwantar da kyamara a gefe. Yana da jinkiri, hannuwansa suna kama riga da labule, amma idan ka saita shi da safe zai wuni a haka. Kuma a kuɗi ɗaya, sau da yawa mai hannu uku ya fi kan ƙwallo riƙo.

Sai bidiyo, kuma nan na fi ganin 'yan'uwa suna asarar kuɗi. Yau kusan duk wanda ya kira ka biki zai ce a haɗa da bidiyo, da azumi kuma ga tafsiri da ake watsawa kai tsaye a Facebook daga masallatan Asawase da Sabon Zango da sauransu. Kan ƙwallo ba ya bidiyo. Da zarar ka so bin ango yana shigowa, hoton zai riƙa fizga yana karkacewa. Abin da kake buƙata kan bidiyo ne mai dogon hannu ɗaya, wanda a cikinsa akwai wani mai mai kauri da aka rufe, shi yake sa motsi ya fara a hankali ya ƙare a hankali. Akwai na gaske, akwai kuma masu kama da shi waɗanda gogayya ce kawai da ɗan giris, kuma ba ka bambance su sai da hannu. Zan zo kan gwajin.

A kan bidiyo ka nemi abu uku. Faranti mai tsawo da yake zamewa gaba da baya, don ka kawo tsakiyar nauyi daidai kan tsakiyar kai. Sifirin na ciki da yake tura kyamara ta dawo idan ta sunkuya, yadda za ka saki hannu ta tsaya inda ka bar ta. A ƙananan kawuna ƙarfin sifirin ɗin ɗaya ne ba ya canzawa, don haka idan kyamararka ta yi masa sauƙi zai riƙa mayar da ita tsakiya da kansa, idan ta yi nauyi kuma ta rinjaye shi. Na uku shi ne gindi. Akwai mai shimfiɗaɗɗen gindi da yake hawa kowace ƙafa mai sukurun 3/8, akwai mai rabin ƙwallo da yake zama a cikin kwano, mai faɗin milimita 75 ko 100, wanda sai ƙafafun bidiyo masu kwano. Amfanin kwano babba ne a irin filayenmu. Lungunan Zango ba su da shimfiɗa, ga kwata ga tudu, kuma idan gindin kai bai daidaita ba, kana juyawa daga liman zuwa jama'a za ka ga duniya tana gangarawa gefe ɗaya. Da kwano, ka sassauta hannun ƙasa, ka kawo ƙwayar ruwan lebur tsakiya, ka ɗaure, daƙiƙa biyar. Babu kwano, sai ka bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kana ragewa kana ƙarawa, jama'a na jiran ka.

Wanda yake yin hoto da bidiyo a biki ɗaya, kuma kuɗinsa na kai ɗaya ne, ya sayi na bidiyo. Kan bidiyo zai iya hoton tsaye, kan ƙwallo ba zai iya bidiyo ba. Matsalarsa guda ce, ba ya kwantar da kyamara a gefe don hoton tsawo, kuma wannan akwai maganinta a mataki na gaba.

Akwai kan lilo da ake kira gimbal. Kada ka haɗa shi da gimbal mai batir irin na DJI da ake yawo da shi a hannu, sunan ne kawai ɗaya. Wannan ƙarfe ne mai lanƙwasa da yake rataye babban lens daidai tsakiyar nauyinsa, yadda za ka juya kilo huɗu da yatsa ɗaya, ka saki ya tsaya. Na masu bin tsuntsaye ne a Owabi ko bakin tafkin Bosomtwe, ko masu tafiya Mole ɗaukar giwaye. Na Wimberley da ya yi suna ya kai kusan kilo ɗaya da rabi shi kaɗai. Idan ba ka da lens 400 zuwa sama, ka wuce shi. Ko a filin wasa na Baba Yara ranar da Kotoko take buga ƙwallo, masu hoton bakin layi da ƙafa-ɗaya za ka gan su, domin wuri ba ya isa a baza ƙafa uku.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi ƙauna ko da yake na fi jimawa ban ɗauko shi ba: kai mai haƙora a ciki, wanda kake murɗa ɗan makunni kyamara ta matsa kaɗan-kaɗan, kuma inda ka tsaya nan ta tsaya, babu kullewa balle zamewa. Manfrotto 410 shi ne wanda aka fi sani, nauyinsa ya haura kilo ɗaya kaɗan, yana ɗaukar kilo 5. Na masu ɗaukar gine-gine ne, inda ake son hasumiyar masallaci ta miƙe sak, da masu ɗaukar kayan sayarwa, atamfa da takalma da turare. Na taɓa yin kwana uku da irinsa a zauren wani malami ina ɗaukar tsofaffin takardun ajami da ya gada. Takardun sun yi laushi, ba a son a yawaita taɓa su, don haka kyamarar ce take bin takarda. Malam yana ɗaga shafi da hannu biyu, ya ajiye, ya ce, "Bismillah, ɗana," ni kuma in murɗa kaɗan har gefen takarda ya yi daidai da gefen hoto. Da kan ƙwallo ne, da kowane shafi sai mun yi kokawa. A wajen biki kuwa ba shi da amfani ko kaɗan, kafin ka murɗo shi amarya ta wuce.

Mataki na huɗu: farantin

Farantin shi ne ɗan ƙarfen da yake zama a gindin kyamara, kai kuma ya cafke shi. Mutane ba sa tambaya a kansa sai ranar da ya ɓata. Iri biyu suka fi yawa a hannun masu hoton tsaye. Akwai na Manfrotto mai suna RC2, farantinsa 200PL, mai ɗan hannu da yake ƙarar "ƙas" idan kyamara ta zauna, da ƙaramin makulli na biyu don kada ya buɗe bisa kuskure. Yana da sauri, kuma da yake ya daɗe a kasuwa, samun madadinsa ba ya wuya. Akwai kuma tsarin Arca-Swiss, mai faɗin kusan milimita 38 da gefuna a karkace, wanda Benro da Sirui da kamfanoni da yawa suka bi. Kawunan bidiyo suna da nasu dogon faranti daban, kamar 501PL.

Idan yau kake farawa, ka bi Arca. Dalilina shi ne ƙarfen nan mai siffar harafin L da ake ɗaura wa kyamara, wanda yake rufe gindinta da gefenta ɗaya. Da shi, idan kana son hoton tsawo, ka zare kyamarar ka tsayar da ita a gefenta, nauyi yana nan a tsakiyar kai. Babu shi, sai ka jefa ƙwallon cikin tsagar gefe, kyamara ta rataye a waje ɗaya, tana jan ƙafafun, kuma a nan ne ake yawan samun faɗuwa. Mu da rabin hotonmu na tsawo ne, amarya a tsaye da cikakkiyar kwalliya, alhaji da babbar riga har ƙasa, wannan ƙarfe ba ado ba ne. Shi ne kuma maganin kan bidiyon da na ambata: ka ɗaura ƙaramin bakin Arca, wato abin da yake cafke faranti, a kan dogon farantin, ka samu hoton tsawo.

Hattara ɗaya: kamfanoni ba su yanka farantin Arca daidai wa daida ba, ana samun ɗan bambanci. Bakin da ake murɗawa da sukuru yana cafke kowanne. Bakin da ake kullewa da ɗan hannu ya fi sauri, amma yana iya barin farantin wani kamfani yana rawa. Tunda mu kayanmu tsintuwa ne daga nan da can, mai sukuru ya fi mana. Ka kuma duba ƙananan sukuru biyu a ƙarƙashin farantin, su ne suke tare kyamara idan bakin ya sassauta. Duk irin da ka zaɓa, ka sa kayanka duka su zama iri ɗaya, kuma kowace kyamara da kowane dogon lens su samu nasu farantin da ba a cirewa.

Mataki na biyar: kai kayanka shagon

Kada ka sayi kai ba tare da kyamararka da lens mafi nauyi suna hannunka ba. Ko a shagunan Adum ne, ko wani ka gani a shafin saye da sayarwa irin Jiji ko Tonaton kuka yi alƙawarin haɗuwa, ka je da kayanka da ƙafafunka, kuma kada ka tura kuɗi ta MoMo sai ka gama gwaji. Ka ce wa mai kaya, "Maigida, a yi mini haƙuri in ɗora kyamarata in gani." Mai kayan kirki ba zai hana ba.

Ka ɗora, ka ja zum har ƙarshe, ka kunna allon baya. Ka nemi ƙaramin abu a nesa, harafi ɗaya a allon wani shago a tsallaken titi, ka sa shi a tsakiya cif. Ka ɗaure da ƙarfin da za ka ɗaure a wajen aiki, ba sai ka cije leɓe ba. Ka saki hannu, ka duba harafin. Kowane kan ƙwallo yana ɗan motsi lokacin kullewa, amma na kirki motsinsa kaɗan ne kuma iri ɗaya kullum, hannunka zai saba da shi. Idan harafin ya bar tsakiya sosai, ko ya ci gaba da gangarawa bayan ka saki, ka mayar masa da kayansa. Ka maimaita da bakin lens a sunkuye kamar kana ɗaukar jama'a daga saman bene, sannan da kyamara a kwance a gefe. A karkace ne kai yake nuna halinsa.

Daga nan ka ƙwanƙwasa bakin lens da yatsa, kana kallon allo a zuƙe. Rawar ta mutu nan take ko cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Idan ta daɗe, ka sauke sandar tsakiya ƙasa ka sake gwadawa, don ka gane laifin kai ne ko na ƙafa. Sai ka sassauta, ka zagaya da ƙwallon ko'ina a hankali. Idan ka ji wani wuri yana cijewa wani yana sakewa, ko ka ji kamar yashi a ciki, ƙwallon ya ci duka ko ƙura ta shige shi.

Na bidiyo gwajinsa daban ne. Ka daidaita nauyi, ka ja zum, ka juya a hankali daga wannan gini zuwa wancan da yatsa ɗaya. Ka lura da farawa: ya tashi sumul ko sai da ya fizga? Ka lura da tsayawa: da ka saki, hoton ya tsaya ko ya ɗan koma baya? Komawar nan ita ce take tona asirin kan da ba na gaske ba. Ka gwada tafiya a karkace, sama da gefe lokaci ɗaya, kamar kana bin mai hawa mumbari. Ka shafa yatsa a gaɓoɓinsa, idan ka ji danshin mai, yana yoyo, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Mataki na shida: kuɗi

Farashi yana bin dala, sidi kuma yau da gobe ba ɗaya ba, don haka rabo zan ba ka. Abin da ka ware wa ƙafa-uku gaba ɗaya, kusan rabinsa ya tafi kan kai. Ƙafafun alminiyam masu kauri na hannu sun ishe ka shekaru, ba sai ka bi masu tsadar nan marasa nauyi ba. Kayan hom-yus, wato na hannu, kuwa ni ina tare da su a wannan fanni, domin kai ba shi da lantarki a ciki, tsohon kai na kamfanin kirki da ya ci gwajin sama ya fi sabo fil marar asali. Sai dai ka tabbata farantinsa yana tare da shi kuma irin da ake samu ne, don akwai tsofaffin kawuna da farantinsu ya fi su wuyar samu. Ana kuma buga sunayen manyan kamfanoni a jikin jabu. Idan sabo ne a kwali kuma kuɗin ya yi arahar da ta ba ka mamaki, ka duba rubutun jiki da santsin maɗauran da kyau, ka tsananta gwaji.

Mataki na bakwai: ɗaurawa da kulawa

Ka kulle maɗaurin juyi, ka murɗa kan a kan ƙafafu da hannu har ya zauna, sannan ka ɗaure ƙananan sukurun ƙasa idan akwai. Farantin kyamara ka ɗaure shi da alanki, ɗan ƙarfen murɗa sukuru mai siffar L, ko kwabo, yatsa kaɗai ba ya isa. Kullum ka ɗora kyamara, kafin ka saki hannu ka ɗan jijjiga ta ka ji ta zauna. Yarona na farko na koya masa ya riƙa cewa "ta kama" da baki kafin ya saki, har ya zame masa jiki. Kuma kada ka saɓa ƙafa-uku a kafaɗa da kyamara a kai kana kutsawa cikin taro, irin cunkoson Kejetia ko na ranar bikin Akwasidae a fadar Manhyia. Ka cire ta, ka rataya a wuya.

Yanayinmu yana da lokaci biyu masu cin kaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga kwanon ƙwallo. Kada ka zuba masa mai ko giris ko WD-40, domin an yi shi ne ya yi aiki a bushe, mai kuma yana rage masa riƙo ya tara ƙura ta zama kamar sanfefa. Ka sake shi gaba ɗaya, ka jefa shi cikin tsagar gefe, ka goge da busasshen ƙyalle mai laushi kana juyawa har ƙyallen ya daina baƙi. Idan ka dawo aiki daga wuri mai jar ƙasa, ka yi haka a daren, kafin ka sake murɗa shi. Da damina kuma danshi ne abokin gaba: idan ruwa ya taɓa shi, ka shanya shi a inuwa a buɗe kafin ya koma jaka, don ƙananan sukurun su ne suke fara tsatsa. Kan bidiyo kada ya wuni a but ɗin mota cikin rana, zafi yana tsinka man da ke ciki. Idan za ka ajiye shi kwanaki, ka sassauta maɗauran kaɗan. Alanki ɗaya, zoben 3/8 ɗaya da farantin ajiya ɗaya kuma su zauna a ƙaramin aljihun jakar kyamara, wanda ba ka buɗewa sai ranar buƙata.